Daga ƙoramar Adar zuwa ƙasan teku: yadda ruwa ke jera yashi

Jama'a, duk wanda ya taɓa ganin Magiya ko Tarka ta kawo ruwa ya san abin da take bari idan ta janye: tsakuwa a ƙasa, yashi a kanta, laka a sama. Mai nauyi shi ke fara zama. To, haka abin yake har a ƙasan teku mai zurfi.

Can ma akwai gangare. Idan yashi da laka suka taru a bakinsa, girgizar ƙasa ko ambaliyar babban kogi kan tunkuɗa su, su gangara kamar ƙorama, don ruwa mai laka ya fi ruwan gari nauyi. Ba ƙaramin ƙarfi ne da shi ba: a Janairun 2020 irin wannan kwarara daga bakin kogin Kwango ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta tsinke wayoyin intanet na ƙarƙashin teku.

Kowace kwarara shimfiɗa ɗaya take bari, manyan ƙwayoyi a ƙasa, laka a sama, kamar yadda masani Arnold Bouma ya bayyana a 1962. Kusa da gangare yashin na bin matsattsiyar hanya, ya yi kauri. Can gaba sai ya baje kamar faifai, ya yi siriri. Yashi na da ƙofofi, laka kuwa murfi ce. Shi ya sa ake samun man fetur a irin wannan yashi, kamar a filin Bonga na tekun Najeriya, da ya fara ba da mai a 2005.

Mu fa a Adar? Madawa, Buza da Keita suna cikin babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ya rufe nan, amma marar zurfi ne, don haka abin da ya bari laka ce da farin dutse, irin wanda ake siminti da shi a Malbaza. Yashin da ke shayar da albasarmu ƙoramu ne suka zuba shi a fadama daga baya.

Sai dai dokar ɗaya ce: ruwan rijiya a yashi yake zama, yashi kuma hanya yake bi, ba ko'ina yake ba. Shi ya sa maƙwabcinka ya samu ruwa, kai kuma ka yi ta tonon laka.

Ƴan uwa da ke bida a Legas ko Abijan, kafin ku aiko kuɗin rijiya, a fara tambayar ma'aikatan ruwa da tsofaffin magina rijiya inda tsohuwar ƙorama ta bi. Tambaya ba ta kai tono tsada ba.