Zubi da Muhimmancin Waƙoƙin Ibada na Hindu a Harshen Hindi

1.0 Gabatarwa

Manazarcin rubutacciyar waƙar Hausa ya saba da kwatanta ta da ta Larabci, amma ba safai yakan leƙa gaba da nan ba. A wannan maƙala za a dubi waƙoƙin ibada na mabiya addinin Hindu a arewacin Indiya, waɗanda ake kira bhajan, don a nuna yadda zubinsu ya dace da aikin da aka ɗora musu, watau kai addini ga wanda bai yi karatu ba.

2.0 Asali

Manyan littattafan addinin Hindu da harshen Sanskirit aka tsara su, harshen da ilminsa ya fi tsayawa a hannun Birahamanawa, watau ajin malamai. Tafarkin bhakti, wanda ya ginu kan ƙaunar abin bauta da miƙa wuya gare shi, ya soma ne a kudancin ƙasar cikin harshen Tamil, sa'an nan ya bunƙasa a arewa daga ƙarni na 15 zuwa na 17. Mawaƙansa sun yi amfani da kare-karen harshe irin su Braj da Awadhi, waɗanda a yau ake lasafta adabinsu cikin na Hindi.

A tarihin adabin Hindi da Ramchandra Shukla ya wallafa a 1929, an kasa mawaƙan gida biyu. Akwai 'yan saguna, masu yabon abin bauta mai siffa da suna, kamar Surdas da Mirabai masu begen Kirishna, da Tulsidas mai begen Rama. Akwai kuma 'yan nirguna, masu kiran abin bauta marar siffa, kamar Kabir, masaƙin Banaras, da Ravidas, baduku.

3.0 Zubi da Tsari

Ma'aunin waɗannan waƙoƙi nauyin gaɓa ne. Gaɓa marar nauyi matra ɗaya ce, mai nauyi kuwa biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin karin waƙarsa ma a kan wannan bambanci ya tsaya. Zubi uku ne suka fi yawa.

Na farko shi ne doha, baiti mai ɗango biyu, kowane ɗango da matra 24, da ɗan tsayawa bayan ta 13. Gajartarsa ta sa ya zama tamkar karin magana a bakin jama'a, kuma da shi Kabir ya shahara. Na biyu shi ne chaupai, mai kashi huɗu, kowanne da matra 16, wanda ya dace da ba da labari. Da shi Tulsidas ya gina Ramcharitmanas, wanda ya fara a 1574, yana rufe kowane jeri da doha. Waƙar Hanuman Chalisa, wadda ake jingina masa, chaupai 40 ce. Na uku shi ne pada, gajeriyar waƙa mai amsa-amo, wadda ke buɗewa da tek, watau amshi, a kuma rera ta bisa raga, watau tsarin sauti na kiɗan Indiya. Jagora na bayarwa, jama'a na karɓa, da ganga da ƙananan kuge. Ashe wanda bai haddace komai ba sai amshi, shi ma ya sami shiga.

4.0 Hatimin Mawaƙi

A ɗangon ƙarshe mawaƙi yakan ambaci sunansa, kamar yadda marubutan waƙoƙinmu kan yi wajen rufewa. To, a nan ne matsala take ga mai nazari. Tun da yake da baki waƙoƙin ke yawo, na baya sun riƙa tsara nasu suna sa sunan magabata, don neman tubarraki da karɓuwa. Alal misali, rubutun hannu na Fatehpur na 1582 yana ɗauke da waƙoƙin Surdas 239, alhali bugun zamani na diwaninsa, Sursagar, ya kusa 5,000. Saboda haka sunan da ke ƙarshen waƙa ya fi nuna tafarkin da ta bi bisa ga hannun da ya tsara ta.

5.0 Muhimmanci

Waƙoƙin sun ba talaka da mace murya cikin sha'anin addini, a al'ummar da asali ke yanke wa mutum matsayi. Kabir ya soki malaman Hindu da na Musulmi baki ɗaya kan riƙe ɓawo da barin ƙwaya. Haka kuma waƙoƙin sun ƙetare iyakar addini, don kuwa an shigar da na Kabir da Ravidas cikin Adi Granth, littafin mabiya addinin Sikh, wanda aka harhaɗa a 1604. A ƙarni na 20 Mahatma Gandhi ya riƙa sa rera bhajan a tarurrukansa na addu'a. Har yau kuwa ana wasan Ramlila kowace shekara bisa nassin Tulsidas.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gajarta da amshi da harshen gida su ne suka raya waɗannan waƙoƙi. Malaman jihadi na ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u, dabarar da suka bi ke nan da suka yi wa'azi cikin waƙar Hausa da Fulatanci, ko da yake aƙida ta sha bamban. Ya kamata mai tace tsofaffin waƙoƙinmu ya ɗauki darasi daga Sursagar, kada ya dogara ga sunan da ke baitin ƙarshe sai ya gwada kwafe-kwafe mafiya tsufa.