Baƙin gilashin mota da ma'aunin haske

 Maganarmu ta yau a kan mota take, amma ta shafi kowa. Ko ba ka da mota, kana shiga ta haya daga Filinge zuwa Balayara ko Yamai. In an tsayar da direba a shinge, kai ma an tsayar da kai, kayanka kuma suna jira cikin rana.

Kun ga motocin da gilashinsu ya yi baƙi, har ba a ganin na ciki. Baƙin nan iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa shi cikin gilashin tun a masana'anta. Akwai kuma leda baƙa da ake sayowa a manna daga ciki. Mai mota zai ce maka saboda zafin rana ya sa ta, kuma wanda ya san ranar Kurfai a watan Afrilu ba zai ƙaryata shi ba. Jandarma kuwa abin da yake so shi ne ya ga fuskar direba da hannuwansa kafin ya matso. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi a 2017, kowa ya san dalilin wannan. Ga kuma dare: baƙin gilashi yana rage ganin direba, alhali hanyarmu ba ta rabuwa da amalanken jaki, da raƙuma, da shanu masu tsallakawa.

To wane baƙi ne ya yi yawa? Nan gardama take.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi doka a 1991, zamanin mulkin Janar Babangida. Ta hana sa wa gilashi duhun da zai ɓoye na cikin mota, sai da izinin babban sufeton ƴan sanda, saboda rashin lafiya ko saboda tsaro. Hukuncin da ta ambata shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Amma dokar ba ta faɗi lamba ba. Idon ɗan sanda shi ne ma'auni. A 2025 ƴan sandan ƙasar suka sake buɗe ba da takardar izinin, suka ce daga 2 ga Oktoba za su fara kama wanda ba shi da ita. Ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta kai ƙara kotu.

Ido kuwa ba ma'auni ne mai tsayawa wuri ɗaya ba. Gilashi ɗaya, da hantsi za ka ga na ciki sarai, da almuru ka rantse baƙi ne ƙirin. In kujerun motar baƙaƙe ne, sai gilashin ya ƙara duhu a idonka. Abin da yaro mai shekara 25 ya hango, dattijo ba zai hango ba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa lamba. Ku ɗauka hasken da ya faɗo a kan gilashi kashi 100 ne. Nawa ya ratsa ya shiga? A Faransa, tun 1 ga Janairu 2017, gilashin gaban direba da na ƙofofin gaba dole su bar kashi 70 cikin 100 ya wuce. Wanda ya saɓa zai biya yuro 135. A Ingila ana neman 75 ga babban gilashin gaba, 70 ga na ƙofofin gaba. Na baya kuwa an yarda ya yi duhu. Wannan ne dalilin da ya sa motocin hannu da suka fito daga Turai, suka shigo mana ta Kwatano ko ta Lome, da yawansu gabansu garau ne, bayansu baƙi.

Abin da ake gane lambar da shi sunansa ma'aunin haske. Ƙaramar na'ura ce, tana shiga tafin hannu, da batir take aiki. Gefe ɗaya yana da ƴar fitila. Ɗaya gefen yana da ido mai ƙirga haske. Ana sa gilashin a tsakaninsu. Fitila ta haska, idon ya ƙirga abin da ya iso gare shi, sai lamba ta fito. Wata irin tana da baki kamar na awartaki, sai an sauke gilashin ƙofa rabi a sarƙafa ta. Wata kuma gida biyu ce, ɗaya a ciki ɗaya a waje, mayen ƙarfe yana riƙe su. Ita wannan ce ke iya auna babban gilashin gaba, tunda shi ba ya sauka.

Yanzu ku fito da alli, ga lissafi.

Babu gilashin da ke barin haske 100 cif ya wuce. Ko farin gilashin taga, kusan 90 yake bari. Na ƙofar mota, tun daga masana'anta an ɗan rina shi, yawanci tsakanin 70 da 80 yake. Mu ce naka 80 ne. Ka sayo leda mai barin rabin haske, wato 50. Rabin 80 nawa ne? 40. To lambar da ma'auni zai nuna ke nan.

Ga wanda ya fi ruɗa mutane. Mai sayar da leda ya nuna maka kwali an rubuta 70, ya ce wannan ba ta da laifi. Shi ledar kaɗai ya faɗa maka, bai haɗa da gilashinka ba. Kashi 70 cikin 100 na 80 shi ne 56. Ka ga ka faɗo ƙasa da 70 da nisa, ga kuɗinka sun tafi. Inda doka ta ce 70, kusan kowace leda mai duhu da aka manna a gaba ta karya ta.

Shin ma'aunin yana faɗin gaskiya? Yana faɗi, amma da sharaɗi. Ku tuna tiya a kasuwar Filinge ranar Lahadi. Tiya ta fi a ce maka "ga hatsi nan, kamar na jaka biyu". Amma akwai tiyar da aka buga wa gindi, akwai kuma mai awon da hannunsa ke karkata. Haka ma'aunin haske. Masu ƙera irin na hannu da yawa sun rubuta cewa yana iya kuskure da 2, sama ko ƙasa. Ma'anarsa, in ya nuna 69, gaskiyar tana tsakanin 67 da 71. Mutumin nan wataƙila ya yi laifi, wataƙila bai yi ba. In kuwa ya nuna 35, maganar kuskure ta ƙare, 33 ne ko 37, duk ɗaya ne. Saboda haka jihar Folorida ta Amurka ta rubuta rangwamen 3 cikin dokarta. A ganina wannan shi ne adalci: a yi wa na bakin iyaka sassauci, a riƙe wanda ya wuce ta da nisa.

Wannan kuskuren na 2 na na'ura mai lafiya ne a hannun wanda ya iya. Sauran kuskuren daga mutum yake zuwa, kuma a ƙasarmu babbansu ƙura ce. Motar da ta taso daga Abala cikin hunturu, kafin ta iso Bonkuku gilashinta ya sha jan ƙasa. Ƙura tana tare haske kamar yadda leda ke tarewa, na'ura kuwa ba ta bambance su. Duk abin da ya tare, a kan direba za ta rubuta shi. Haka ruwa, haka maiƙon hannu, haka wurin da ya karce. In gida biyun nan ba su daidaita ido da ido ba, wani hasken zai zube gefe, lamba ta sauka. Gilashi mai lanƙwasa ma yana jawo haka. Batir in ya yi sanyi, ba a dogara da abin da ya nuna. Akwai kuskuren da ke taimakon direba: in rana ta kutsa ta gefe ta shiga idon na'urar, wasu sukan nuna lamba sama da gaskiya.

Maganin duk wannan ba shi da wuya. Ana kunna na'urar kafin ta taɓa gilashi, ta nuna 100, tunda ba abin da ya tare ta. Ana sayar da ita tare da ɗan gilashin gwaji wanda aka rubuta lambarsa a jiki. In gwajin 70 ne ita kuma ta ce 62, ita ce marar lafiya, ba motarka ba. Sa'an nan a goge gilashin ciki da waje, a auna wuri biyu ko uku. Kamar yadda ake duba sikelin mahauci lokaci lokaci, ita ma tana bukatar a riƙa duba ta.

Kada ku ɗauka duk inda aka sa lamba ana yawo da na'ura. A Faransa babbar kotun ƙasar ta yanke a 2018 cewa ganin ɗan sanda ya isa a rubuta tara. Amma ta bar wa direba ƙofa: yana iya kawo shaida cewa gilashinsa ya kai 70. A can ma'aunin ya zama abin kāre kai ga direba.

In an taɓa auna motarka, yi magana cikin ladabi. Ka ce: "Ranka ya daɗe, a bar ni in goge ƙurar tukuna." Ka duba lambar da idonka, ka karanta ta da kanka. In akwai tara, ka karɓi takardar biya. Kafin ka manna leda kuwa, fara zuwa wurin jandarma ko ƴan sanda ka tambayi abin da aka yarda da shi, don cire ledar ya fi manna ta wahala. Kuma baƙi ba shi ne sanyi ba. Kusan rabin zafin rana yana zuwa ne cikin wani haske da ido ba ya gani, akwai kuma leda mai haske da ke tare shi.

Ga aikin karatu na wannan mako. A kusurwar kowane gilashin mota akwai ƙananan rubutu. In na Turai ne, za ku ga harafin E cikin da'ira, da 43R kusa da shi. In akwai harafin V a saman da'irar, gilashin bai kai 70 ba tun daga masana'anta, kuma a baya ake sa irinsa. Na Amurka AS1 ko AS2 ko AS3 ake rubutawa, AS3 shi ne mai duhun. Ku je tasha ku roƙi direba ya bar ku ku duba, ku kwafo abin da kuka gani a littafinku, ku kawo wa malaminku.