ESP32 ya ƙi kama Wi-Fi? A fara duba wuta da hotsfot kafin a taɓa kod

Duk wanda ya ratsa layukan Unguwar Sarki, daga wajen Masallacin Sultan Bello zuwa cikin unguwa, zai ga tankunan ruwa a saman dogayen ƙarafa sun leƙo ta bayan katangu. Gida da yawa da rijiyar burtsatse suke rayuwa, kuma matsalarsu iri ɗaya ce: ko dai a kunna famfo a manta har ruwa ya malale tsakar gida, ko kuma a wayi gari tanki ba ko ɗigo, wuta kuma ta tafi. Shi ya sa aikin da matasa masu koyon haɗa na'ura kan yi a Kaduna, ɗalibai da masu koyo a gida, shi ne ɗan allon da zai auna ruwan tanki ya turo wa mai gida saƙo a waya.

A kan tebur komai yana tafiya daidai. Ana kai allon gindin tanki sai ya yi gum. Ko kuma ya yi kwana biyu yana aiki, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita ya ɓace. Ɗalibin da zai kare aikinsa gaban malamai ya san irin zufar da ke keto wa mutum idan allo ya tsaya yana jera ɗige-ɗige a fuskar kwamfuta bai haɗu ba.

Abin da yawancin masu koyo ke yi a lokacin shi ne su koma kan kod, su goge wannan, su kwafo wancan daga YouTube. Sau da yawa kod ɗin ba shi da laifi.

Allon da ake magana a kai

ESP8266 da ESP32 duk na kamfanin Espressif ne da ke birnin Shanghai a ƙasar Sin. Na farkon ya bazu a hannun masu ƙirƙira a 2014, na biyun ya fito a 2016 da Bluetooth da ƙarin ƙarfi. Abin da ya sa suka karɓu shi ne araha, da kuma cewa Wi-Fi yana cikinsu, ana kuma rubuta musu umarni da manhajar Arduino IDE. Amma ba waya ba ne. Waya tana da batir, tana da babbar manhaja da ke sake neman siginal ba tare da mai ita ya sani ba. Shi ɗan allon nan abin da aka ce ya yi kaɗai yake yi, da wutar da aka ba shi.

Yana kuma faɗin abin da ke damunsa, in an saurara. A haɗa shi da kwamfuta, a buɗe Serial Monitor a kan gudun 115200, sannan a shiga Tools a ɗaga Core Debug Level zuwa Verbose kafin a sake loda kod. Daga nan duk lokacin da haɗi ya faɗi, ESP32 zai rubuta dalili da lamba. Lamba 201 na nufin bai ga sunan Wi-Fi ɗin ba sam. Lamba 15 ko 202 na nufin ya gani, sun fara gaisawa, amma ba su daidaita a kan kalmar sirri ba. Lamba 200 na nufin yana haɗe, sai ya daina jin rautar. Wanda ya gyara ba tare da ya karanta wannan ba, lalube yake cikin duhu.

Bai ga hotsfot ɗin ba

A nan mafi yawan mutane ke makalewa, kuma gyaran bai kai minti ɗaya ba. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4GHz da 5GHz. ESP8266 da ESP32 na asali, har da ESP32-S3 da C3, zangon 2.4GHz kaɗai suke ji. Idan hotsfot ɗin waya yana kan 5GHz, kwamfuta za ta gan shi, wayar aboki za ta gan shi, allon kuwa ko alamarsa ba zai gani ba. Kuma kada a rikita wannan da 5G ɗin da MTN ya ƙaddamar a Najeriya a 2022. Wancan tsakanin waya ne da turken sadarwa. Waya na iya ɗaukar intanet ta 5G ta raba shi ta 2.4GHz lafiya lau.

A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix da Samsung, a shiga saitin hotsfot a nemi wurin zaɓen zango, a mayar da shi 2.4GHz. A iPhone 12 zuwa sama, maɓallin Maximize Compatibility da ke cikin Personal Hotspot shi ke yin wannan aikin. MiFi da rautocin gida masu zango biyu kan haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, kuma ya fi sauƙi a raba su, kowanne da sunansa.

Hanya mafi sauri ta tabbatarwa ita ce a ajiye kod ɗin aikin gefe, a loda misalin WiFiScan da ke zuwa da manhajar. Zai jero duk sunayen da allon ke ji da ƙarfin kowanne. Idan ya jero na maƙwabta bai kawo naka ba, matsalar tana wajen hotsfot. Idan bai jero ko ɗaya ba a tsakiyar unguwa irin wannan, to a fara zargin allon ko wutarsa.

Sauran ƙananan tarkuna na wannan ɓangare ba su da wuyar ganewa. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a sunan Wi-Fi. Sarari ɗaya a ƙarshen suna ya isa ya hana haɗi. Sunan da iPhone ke bai wa kansa yakan zo da alamar rubutu mai lanƙwasa wadda ba ita ce ta kan madannin kwamfuta ba, don haka gara a sauya sunan zuwa haruffa da lambobi zalla. Tsaro kuma a bar shi a WPA2, domin ESP8266 da aka rubuta wa umarni da Arduino IDE bai san WPA3 ba. Sannan wayoyi da yawa suna kashe hotsfot da kansu idan aka ɗan jima babu wanda ya haɗu, a kashe wannan saitin ma.

Wuta

Ga inda maganar take. Allon na iya kunna fitila, ya karanta na'urar awo, ya rubuta saƙo a Serial Monitor da wuta kaɗan. Amma da zarar ya buɗe rediyonsa zai yi magana da rauta, yakan fizgi sama da miliamfa 200 a lokaci guda. Espressif da kansa ya ba da shawarar a tanadi abin da zai iya bayar da aƙalla miliamfa 500. Idan wutar ta gaza a daidai wannan lokacin, bolt 3.3 da guntun ke buƙata sai ya zube, allon ya kashe kansa ya sake tashi, ya sake ƙoƙarin haɗawa, ya sake faɗuwa. A Serial Monitor za a ga "Brownout detector was triggered" yana ta maimaituwa. Wani lokacin ma ba zai kai ga sake tashi ba, sai dai gaisuwar da rauta ta katse a tsakiya ya rubuta lamba 15, mutum ya yi ta canza kalmar sirri alhali daidai take.

Babban mai laifi shi ne kebul. Kebul ɗin caji mai araha, siririn ciki, mai tsawon mita biyu, yana cinye wani kaso na bolt 5 tun kafin ya iso. Yawancin allunan gwaji suna amfani da ɗan regileta AMS1117 wajen sauke bolt 5 zuwa 3.3, shi kuwa yana buƙatar rarar kusan bolt ɗaya kafin ya riƙe aikinsa. Kebul ya ci nasa, regileta ya ci nasa, me ya rage? Sai a ƙara da tsohon kan caja, ko ramin USB na kwamfutar da ke kan batir, ko kuma rile ɗin kunna famfo da aka rataya a layin wuta ɗaya da allon. Masu amfani da ƙaramin ESP-01 kuma sukan ɗauko masa wuta daga ƙafar 3.3 ta Arduino Uno, wadda miliamfa 50 aka ƙayyade mata. Ba zai yiwu ba.

Gwajin mai sauƙi ne: gajeren kebul mai kauri, da kan caja mai kyau na amfa ɗaya ko biyu, a cire duk abin da aka maƙala wa allon. Idan ya haɗu, an gano. Kafasita mai girman maikurofarad 470 zuwa 1000 a kusa da ƙafafun wutar allon tana cike giɓin wannan fizgar. Rile da injin famfo a ba su wutarsu daban, a haɗa ƙasa ɗaya kawai. Akwai layi biyu na kod da ke yawo a intanet waɗanda ke kashe mai gadin wutar don saƙon ya daina fitowa. Wannan rufe bakin mara lafiya ne, ciwon yana nan.

Fawa bank ma yana da nasa halin. Da yawa daga cikinsu suna kashe kansu idan abin da aka jona musu bai ja wuta sosai ba, a zatonsu waya ta cika. Allon da ke yin barci tsakanin awo da awo zai farka ya tarar an rufe masa famfo.

Bayan an dawo da wuta

Wannan matsalar ba a cika ganinta a darussan da ake koyarwa daga Turai ko Amurka ba, domin can ba kullum ake ɗauke wuta ba. A Kaduna kuwa ana iya ɗaukewa a dawo sau da dama a yini, ga sauyi daga layi zuwa janareta ko inbata. A watan Oktoban 2024 ma yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun samu matsala. Na'urar da za ta zauna a nan dole ta iya tashi da kanta.

Abin da ke faruwa shi ne tsere. Wuta na dawowa, ESP32 ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya fara neman Wi-Fi. Rauta kuwa tana iya cin minti ɗaya ko fiye kafin ta shirya. Idan kod ɗin ya gwada na daƙiƙa goma ya haƙura, shi ke nan, sai wani ya hau tanki ya danna maɓalli. Masu amfani da WiFiManager suna gamuwa da wani salo na wannan: in bai samu rauta ba, sai ya buɗe nasa shafin saiti ya zauna jiran mutum, har sai an sa masa iyakar lokaci da setConfigPortalTimeout.

Akasin haka ya fi haɗari. Kod ɗin da kowa ke kwafa yana da zagayen da ke cewa allon ya tsaya cak har sai WiFi.status() ya nuna an haɗu. Idan data ta sa an kashe MiFi, ko mai wayar ya tafi masallaci da hotsfot ɗinsa a aljihu, allon da ya sake tashi zai tsaya a wannan layin, ba zai auna ruwa ba, ba zai kashe famfo ba. Injin burtsatse da ya yi ta juyi babu ruwa yana iya ƙonewa, kuma kuɗinsa ya ninka na allon sau da yawa. Aikin kashe famfo bai kamata ya jira intanet ba. A bar shi yana gudana kullum, a gefe kuma kod ya riƙa duba haɗin duk bayan daƙiƙa 30, in ya faɗi ya kira WiFi.reconnect(), in an daɗe ba a dace ba ya kashe famfo tukuna sannan ya kira ESP.restart().

Katanga, kwano da ruwa

Idan duk wannan ya yi daidai amma haɗin yana zuwa yana tafiya, saura nisa. WiFi.RSSI() yana bayar da lamba mai alamar ragi. Kusa da -50 ƙarfi ne sosai, -70 an fara lallaɓawa, daga -80 zuwa ƙasa kada a dogara da shi. A auna a inda allon zai zauna, da akwatinsa a rufe, ba a falo ba. Katangar bulo tana rage siginal, rufin kwano yana mayar da shi, ruwa kuma yana shanye zangon 2.4GHz, saboda haka allon da aka maƙala a bayan cikakken tanki yana iya ji da safe ya kurumce da rana bayan an cika shi. Eriyar allon ita ce wannan zanen mai lanƙwashe-lanƙwashe a bakinsa. Ba a sa ta cikin akwatin ƙarfe, ba a kwantar da ita a kan ƙarfen tanki, ba a bi ta kanta da wayoyi. Akwatin roba ya wadatar don ruwan sama da ƙurar hunturu. In nisan ya yi yawa, akwai samfurin ESP32-WROOM-32U mai wurin jona eriyar waje.

Ya haɗu, amma saƙo bai iso ba

Haɗuwa da hotsfot daban, samun intanet daban. Data na iya ƙarewa allon yana nuna an haɗu. Wi-Fi na makarantu da otal da ke buɗe shafin shiga ba ya yi wa allon amfani, tunda ba shi da burauzar da zai cike shafin. Akwai kuma agogo: duk lokacin da allon ya tashi yana ɗauka ana cikin 1970 ne, yana kuma iya ƙin yarda da shafukan da ke amfani da HTTPS saboda kwanan watan takardar tsaronsu bai yi daidai da nasa ba. Kiran configTime da tazarar daƙiƙa 3600, wato agogon Najeriya, kafin a tura komai yana warware wannan.

Wani abin da ke ruɗa masu auna ruwa ko danshin ƙasa shi ne na'urar awo ta daina bayar da lamba mai ma'ana da zarar Wi-Fi ya kama. A ESP32 na asali, rediyon yana riƙe rukunin ƙafafun awo na ADC2, irin su 4 da 25 da 26 da 27. A mayar da wayar awon kan ƙafa 32 zuwa 39, waɗanda ke rukunin ADC1, sai lambobin su dawo.