Ja Da Kore A Wuyan Matan Abzin: Aƙiƙ Da Amazonait

Timia, garin lambunan lemo, rumman da dabino a tsakiyar duwatsun Abzin, tana da nisan sama da kilomita 200 daga Agadez. Duwatsu sun kewaye ta ko'ina, amma jan dutsen da matan Abzinawa suka fi ƙauna baƙo ne. Shi ne aƙiƙ, wanda ake sassaƙa talhakimt da shi, abin wuyan nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa.

Daga Kambay ta ƙasar Indiya aka daɗe ana kawo shi, ta hannun fatake da alhazai. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga kasuwar da dutsen Brazil da suke rinawa, daga baya kuma na gilashi suka cika kasuwanni. Shi kuwa koren dutse, amazonait, ɗan Sahara ne. An samu tsohuwar mahaƙarsa a Egei Zuma, arewa da Tibesti, kuma mutanen da suka zauna a hamada tun tana da tafkuna sun huda shi sun yi tsakiya. Sunan kogin Amazon kawai aka laƙaba masa. Duka biyun suna cikin adon fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankamun.

Wajen ƙarfi, aƙiƙ ne gaba. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, aƙiƙ yana kaiwa 7, amazonait kuwa 6 zuwa 6.5. Tazarar kamar ba komai, amma a hamada tana da muhimmanci, domin ƙwayoyin rairayi suna da tauri 7. Iska mai ƙura tana kankare fuskar koren dutse a hankali har ya dushe, ja kuma ya jure. Akwai wani bambanci da ya fi wannan. Aƙiƙ ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, a sarƙe da juna, don haka ba shi da layin tsagewa. Amazonait yana da irin wannan layi ta fuska biyu, bugu ɗaya a wurin da bai dace ba sai ya dare. Shi ya sa maƙeri zai fi sakin jiki ya ɗora aƙiƙ a zoben da za a yi daka da wanki da shi.

A haske kuwa kowa da baiwarsa. Ɗaga aƙiƙ ka kalli rana, za ka ga haske ya ratsa shi kamar garwashi. Tsatsar ƙarfe ce a cikinsa ke ba shi launi, kuma masu sana'ar Indiya suna gasa shi a tukwane don jan ya ƙara nuna. Amazonait ba ya barin haske ya wuce sosai, sai dai ya mayar da shi da ɗan sheƙi, da fararen jijiyoyi a jikinsa. Ɗan burbushin dalma ne ke jawo korensa mai surkin shuɗi.

Sai maganar magani, wadda ta fi buƙatar a faɗe ta ƙarara. An daɗe ana cewa aƙiƙ yana tsayar da jini yana kare kambun baka, masu tallan zamani kuma suna cewa amazonait yana kwantar da hankali. Babu binciken likitanci da ya tabbatar da ko ɗaya. A 2001 Christopher French na kwalejin Goldsmiths a Landan ya raba wa mutum 80 duwatsu, wasu na gaske wasu na jabu, kuma masu riƙe da jabun suka ba da labarin jin ɗumi da tsikar jiki daidai da sauran. Mace mai zubar jini bayan haihuwa a ƙauye mai nisa kamar Timia, ma'aikacin lafiya take buƙata cikin gaggawa, ko da talhakimt a wuyanta.

Tasirin da aka tabbatar ga jiki na cutarwa ne. Ƙurar aƙiƙ ta jawo wa masu goge shi a Kambay ciwon huhu na silikosis, wanda ba ya warkewa. Duk mai goge dutse a Timia ko Agadez ya jiƙa shi da ruwa, ya rufe hanci. Amazonait kuma, saboda dalmar da ke ciki, kada a niƙa shi a ba kowa ya sha.