Wai Girki Ta Je Koyo a Jami'a

A gidan suna na sake jin maganar, kuma wannan karon ta kai ni maƙura. Ana cikin rabon waina da miyar taushe, wata dattijuwa ta tambayi 'yar yayana abin da take karanta a jami'a. Yarinya ta ce kimiyyar abinci mai gina jiki da kula da iyali. Ba ta rufe baki ba wata ta cafe: "Au, girki ke nan? Ai da kin yi zamanki a gida, da mun koya miki kyauta." Ɗaki ya kwashe da dariya. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushin yaƙe, ni kuwa na danne zuciyata don kada in ɓata wa mai jego taro. Abin da na danne ran nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sashen dai ba baƙo ba ne, sunansa ne kan bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Ana karanta shi a Jami'ar Ibadan da ta Nsukka da Jami'ar Noma ta Abeokuta, a nan kusa kuma ga ABU Zariya da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Ɓangare ɗaya abinci ne da aikinsa a jiki, ɗayan kuwa renon yara, tufafi da tafiyar da tattalin gida. Wannan ya wadatar. Batun girkin nan nake so mu baje a faifai.

Ɗalibin da ya shiga sashen, shekararsa ta farko ko ƙamshin tukunya ba ya ji. Aji ɗaya yake zama da sauran 'yan kimiyya, ana ta fama da kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi. Daga nan sai bayokemistiri, wanda ya sa ɗalibai da yawa kuka da hawaye, sai ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sai na ƙananan halittun da ke ruɓar da abinci su sa amai da gudawa. Na taɓa kai wa 'yar yayan nawa ziyara na tarar da farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwaje rataye a ƙusa, hannun duk ƙananan huda kamar asu ya ci. Na ce wane ɓera ne ya yi wannan aika-aika? Ta ce, "Gwaggo, asid ne." Ashe garin wake aka ba su a ce su gano yawan furotin da ke ciki. Sai an dafa ɗan garin a cikin asid mai ƙarfi har ya narke ya zama ruwa garau, a auna naitirojin ɗin da ya fito, sannan a ninka da 6.25. Kwana biyu suka yi a kai, wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, suka sake daga farko. A wane madafin gida ake koya wannan kyauta?

Ga kuma lissafin abincin marar lafiya. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 yake bayarwa, na furotin 4, na mai 9. Za a ajiye wa ɗalibi takarda: magidanci ne mai ciwon suga, ga nauyinsa, ga tsawonsa, ga aikin da yake yi, ga kuma ƙodarsa ta fara gazawa. A tsara masa abin da zai ci daga karin kumallo zuwa na dare, a rage gishiri, a kiyaye furotin kada ya yi wa ƙoda yawa, kuma ya zama abin da ake samu a kasuwar garinsu da kuɗin aljihunsa. Wanda ya kuskure a takarda maki ya rasa. Wanda ya kuskure a asibiti, Allah ya kiyaye.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan siririn tef mai launi uku da yarinyar take yawo da shi a jaka. Da shi ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne, yana bakin rami. Sai kuma a danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, to wannan kumburi ne ba ƙiba ba, ko da kaka tana ta yabon jikanta ya yi ɓul-ɓul. Irin wannan cutar ce wata likita, Cicely Williams, ta bayyana a ƙasar da yanzu ake kira Ghana a shekarun 1930, ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashoko.

To a nan ne gwanar girki za ta iya yin kisa da kyakkyawar niyya. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, in aka dirka masa abinci mai nauyi farat ɗaya, zuciyarsa tana iya bugawa. Shi ya sa a asibiti ake farawa da wata madara mai sauƙi, F-75, kaɗan-kaɗan a kan lokaci, sai jiki ya daidaita a matsa gaba. Shi kuwa ɗan ƙullin gyaɗar nan da ake rabawa a cibiyoyin tamowa, mai giram 92 da kalori 500, wani likita Bafaranshe ne, André Briend, da abokan aikinsa suka haɗa shi a shekarun 1990, kuma a yunwar 2005 a yankin Maraɗi aka ga amfaninsa ƙarara, inda dubban yara suka warke a hannun iyayensu ba tare da an kwantar da su ba. Magani ne, da awonsa. Masu karkatar da shi kasuwa, da ƙartin da ke shafa shi a burodi suna lashe baki, ku ji tsoron Allah, rabon yaron da ke bakin kabari kuke ci.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa sun haura rabi. Mu da muke noma gero da wake da gyaɗa da waken suya, ga zogale a bayan kowane danga. Iyayen yaran nan kaf sun iya girki. Wasunsu in suka tuƙa tuwo sai ka ciji yatsa. Da iya girki shi ne sanin abinci, da ba a ga layin mata da goyo a bakin cibiyoyin nan ba. Talauci na nan, ba na musu. Amma ba talauci ne ke sa a matse dakashi a zubar wai nono ne marar kyau ba, alhali shi ne rigakafin jariri na farko. Ba talauci ne ke sa a ɗura wa ɗan wata biyu ruwa wai ana zafi ba, alhali nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Ba shi ke sa a yaye yaro a kan kokon gero tsura, ga ƙuli-ƙuli a tire ana kai wa talla ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, amma har gobe akwai gidan da in mai jego ta ƙi kunun sai an ce ta yi boko.

Ana girki a sashen, ƙwarai kuwa, ba abin kunya ba ne. Sai dai girki ne da sikeli a gefe, ana rubuta giram nawa, naira nawa, sannan a jera mutane su ɗanɗana su ba da maki. A wasu makarantun har da gidan gwaji, inda ake zuba ɗalibai 'yan makonni da ƙayyadadden kuɗi a ga yadda za su riƙe gida. Masu cewa abin wasa ne, su gwada ciyar da mutum shida da cefanen mutum uku.

Wannan shaguɓe ba a banza yake tafiya ba. Yana korar samari, har ka shiga aji ka ƙirga mazan da yatsun hannu ɗaya, su ma abokai na tsokanarsu da 'yan daudu. Yana sa uba ya tura 'yarsa can wai kwas ne mai sauƙi kafin miji ya fito, ta je ta yi karo da bayokemistiri ta kwaso keriyoba. Yana sa mai ƙwazo ta riƙa ɓoye sunan sashenta, tana ganin kanta ragowar waɗanda likitanci ya ƙi. Ƙarancin kayan aiki da yajin aikin malamai da wuyar samun gurbi bayan kammalawa, su ma suna nan.

Ke da kika samu gurbi a sashen, ko kai, ku riƙe kemistiri tun daga ajin farko, don duk abin da ke gaba a kansa aka ɗora. Wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi zai biya bashi a aji biyu. Kada a tsallake firaktikal a kwafi rahoton ƙawa, hannu ne ke koyon awo. In lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki, ya zo, kada a nemi ofishin da za a sa hannu a koma gida barci. A nemi sashen abinci na babban asibiti, ko cibiyar tamowa, ko masana'antar sarrafa abinci, ko da da nisa. Wata shidan nan sun fi lakcar shekara.

Ku koyi mayar da karatunku Hausa. Matar ƙauye ba ta san giram ba, ta san ludayi da gwangwani da tiya. In za ki koya mata haɗin kunun yaro, ki ce gwangwani kaza na gero, kaza na waken suya, kaza na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna don gubarta tana lalata hanta. Kada ki rubuta wa mai ciwon suga a Ɗanbatta abincin da kika gani a littafin Ingila. Ki yi masa maganar wake da acca da rama da zogale, da girman malmalar da zai tsaya a kai. Ki gaya wa mai ciki ta raba shayi da lokacin cin abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, ta matsa lemon tsami a kwaɗonta. Kuma ki yi magana da ladabi: kakar da za ki hana ɗurar ruwa ta haifi goma, ke ko ɗaya ba ki goya ba. Ki fara da gaisuwa, ki tambaye ta yadda suke yi, sannan ki shigo da naki.

Don Allah kada ɗan abin da aka koya a aji biyu ya sa a buɗe shafi a TikTok ana sayar da haɗin ƙiba da shayin rage tumbi. Wannan ba aikinku ba ne, ku ne ma ya kamata ku tona asirin masu yi.

Iyaye kuma, in yarinya ta bugo waya ta ce ana karo-karon kayan firaktikal, ba ƙarya take yi ba. Sau da yawa ɗalibai ne ke sayen fulawa da ƙwai da gas daga aljihunsu. Ku tambaye ta abin da ta koya, ku bar ta ta auna ƙannenta in ta zo hutu. In ɗa namiji ya ce can yake so, a sa masa albarka.

Sannan ku ci abinci, ku masu karatun abinci. Ran da na je, na buɗe lokar 'yar yayan nawa: garin kwaki, suga, taliyar 'yan yara kwali guda, shi ke nan. A jikin bangon kuwa ga jadawalin rukunonin abinci ta manna, an ƙawata shi da jan biro da kore. Na dube ta, ta dube ni, ta ce, "Gwaggo, risho ba ya dafa wake kafin lakcar ƙarfe takwas." Na ce ta jiƙa shi tun dare. Da na koma gida na aika mata tiya biyu ta wake, da ƙuli-ƙuli, da busasshen zogale a leda.