Tashe ya zo: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su saki yara

Da zarar azumi ya kai goma, yara a Sarkin Hausa da sauran garuruwan yankin Mayahi da Tasawa sun san lokacinsu ya yi. Ana shan ruwa, a ɗan huta, sai a ji gwangwani na tashi a bayan danga. Tashe ke nan: ƙananan yara su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su riƙa bin gidaje suna waƙa da kwaikwayo, masu gida su ba su abin da ya sawwaƙa. Goman tsakiya ake yin sa, wadda ake kira goma ta wuya, lokacin da marmarin azumi ya wuce, ɗokin Sallah kuma bai zo ba. Dariya a daidai wannan gaɓa magani ce.

Maza da mata ba a haɗe suke fita ba. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya shafa toka a fuska, ya cusa tsumma cikin riga ya yi tumbi, ya kama sanda yana tafiyar tsoho yana tari. Ƴan mata kuwa ƙwarya suke kifawa a kan ruwa cikin wata babba, su riƙa kaɗawa da ƴan tsinkaye. A wasan Mairama da Daudu, yarinya ɗaya ce take sa riga da hula ta zama miji, sauran su jera mata yadda ake riƙon aure. A Jatau mai magani kuma yaro ne ke zama boka, yana lissafa itatuwa da cutar da kowanne ke yi wa magani. Wanda ya kasa kunne zai ga ba hayaniya kawai ba ce. A bakin yara ake yi wa marowaci da malalaci da mai kwaɗayi shaguɓe, babu kuma mai yin fushi.

A bakin ƙofa akwai ladabin da ake bi. Sai an yi sallama: "Inna, mun zo tashe." In ta ce "Ku shigo, ƴaƴana," a shiga. In ta ce "Allah ya ba da haƙuri," a wuce, ba a tsaya ana gunaguni ba. Gidan da ake zaman makoki ko jinya ba a kai masa kiɗa, haka nan ba a bi ta gaban masallaci ana asham. Abin da ake bayarwa ba shi da ƙa'ida: ɗan gero a kwano, dabino, ko dala biyar, wato sefa 25. A ƙauye geron ya fi yawa, shi ya sa kowace ƙungiya take da mai riƙon buhu.

Inda ake samun matsala shi ne in ƙarti sun kutsa cikin sha'anin yara. A birnin Kano, inda ake ji da tashen Nalako mai kamen gwauraye, ƴan sanda sun sha dakatar da tashe a ƴan shekarun nan saboda ƴan daba da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya. Ƙauyukanmu ba su kai nan ba. Namu haɗarin duhu ne, da babura masu gudu ba fitila, da karnuka, da rigimar rabon kuɗi, wadda kullum ƙaramin cikinsu ne ke kwana ciki. A ganina hana yaro fita ba shi ne mafita ba. A haɗa su da yaya ko wata babba da ke da tocila, wadda ta san yawansu a fita ta kuma ƙirga su a dawowa, ita ce kuma za ta raba abin da aka samu. Kada su tsallaka unguwarsu, kada su tare mota a kan hanya, su dawo gida kafin dare ya yi nisa, don da safe akwai lakol da makarantar allo.

A kuma lura da yanayi. Azumi yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara: a 2025 farkon Maris ya kama, a 2026 cikin Fabrairu, daga nan kuma sai ya nutsa cikin hunturu. Yaron da ya tuɓe riga ya shafe jiki da toka a daren ɗari, gobe da tari zai tashi, na gaske wannan karon. A sa masa rigar sanyi a ƙarƙashin kayan wasan.