FASHIN BAƘI: Lissafin da ke gaban matashin Gwandu ko Kalgo kafin ya ƙara wa injin motarsa ƙarfi

Bidiyoyin wasan mota daga Abuja, Kano da Kaduna sun cika TikTok da Instagram, kuma wayar da ke nuna su a waɗannan birane ita ce ke nuna su a Gwandu da Kalgo. Matashin da ya kalle su yakan fara da tambaya ɗaya: nawa zai kashe motarsa ta yi irin wannan ƙarfi? Amsar ta fi farashin inji tsawo, domin ta haɗa da man da zai sha, zafin gari, takardun mota da mutanen da ake raba titi da su.

Mene ne ƙarfin doki?

Ana auna ƙarfin inji da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, kuma doki ɗaya daidai yake da kusan wat 746. Toyota Corolla mai injin lita 1.8 tana da kimanin doki 130. Camry ƙirar 2007 mai silinda huɗu tana da 158, mai silinda shida kuma 268. Idan masu harkar suka ce "babban ƙarfi", galibi suna nufin doki 400 zuwa sama.

Hanyoyin kaiwa can uku ne. Ta farko ita ce a cire injin asali a ɗora wanda ya fi shi girma, irin tsofaffin injinan da ake kira "Beljiyam", waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas. Ta biyu ita ce a ɗaura turbo, na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa wa inji ƙarin iska, shi kuma ya ƙona ƙarin mai. Ta uku ita ce a sake tsara kwamfutar motar, wadda ke ƙayyade yawan mai da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Injin da ya fi shahara a wannan fage shi ne 2JZ na Toyota Supra ta shekarun 1990. Ya fito daga kamfani da doki 320 a kasuwar Amurka, amma gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, shi ya sa kanikawa ke iya ninka ƙarfinsa. Akasarin injinan motocin gida ba a ƙera su da irin wannan rarar ba. Idan aka matsa musu, fistin da sandunan da ke riƙe da shi da gasket su ne ke fara sallamawa.

Mai da zafi

Cikas na farko a Najeriya shi ne fetur. Injin da aka cusa wa iska da yawa yana buƙatar mai da ba ya kamawa da wuta kafin lokacinsa, kuma ana auna wannan juriya da okten. Irin waɗannan injina kan nemi okten 95 zuwa 98, alhali fetur ɗin gidajen mai a ƙasar nan bai cika wuce 91 ba. Idan mai ya fashe da wuri a cikin silinda, yana dukan fistin ne tun yana kan hanyar hawa, kuma daga nan ake kaiwa ga abin da makanike ke cewa "inji ya buga". A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, har motocin da ba a taɓa musu inji ba sun lalace. Wanda ke sayen mai a galan a bakin titi kuwa ba ya da hanyar sanin abin da aka zuba masa.

Cikas na biyu shi ne zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na makamashin fetur ke zama tafiya. Sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Duk ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma a Kebbi ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Don haka babban lagireto, na'urar sanyaya iskar turbo da baƙin mai mai inganci suna cikin ainihin aikin. Dabarun da aka saba a gareji, kamar cire na'urar daidaita zafin ruwa ko fasa matatar hayaƙi da ake kira "indomi", ba sa maye gurbinsu. Sau da yawa ma rikita kwamfutar motar suke yi.

Inda lissafi ke karkacewa

Tsarin da ƙwararru ke bi yana farawa ne daga ƙasa: taya, birki, shokozoba, giya da kulochi, sannan inji a ƙarshe. Dalilin lissafi ne. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta isa birki. Birkin da aka ƙera domin doki 158 ba zai riƙe doki 400 ba, kuma tsohuwar tayar da ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso nan ba za ta jure zafin kwalta a irin wannan gudu ba.

Kuɗin ma ya sauya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a sassa da dama kafin ƙarshen 2024. Dala kuma ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a ƙarshen 2024, alhali turbo da fistin masu ƙarko duk daga waje ake sayo su. Wanda kuɗinsa suka ƙare a kan inji, birki da taya ne yake ɗagawa zuwa "wata mai zuwa".

Doka da titi

Ƙa'idar tuƙi ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen tituna. Corolla da ba a taɓa ta ba tana wuce wannan iyaka cikin sauƙi. Ke nan babu titin jama'a ko ɗaya da doka ta yarda a gwada doki 400 a kansa.

Takardun mota kuma suna ɗauke da lambar inji, don haka wanda ya sauya inji bai je ofishin lasisi an gyara ba yana tuƙa motar da takardunta ba su san ta ba. Inshorar dole, wadda ta koma naira 15,000 a Janairun 2023, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiyar wani shi ne naira miliyan 3.

Wanda ke ɗaukar sauran haɗarin ba mai motar ba ne kaɗai. Titin Birnin Kebbi zuwa Kalgo shi ne hanyar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da majinyatan da ke zuwa asibitin Kalgo. A hanyoyin Gwandu kuwa akwai 'yan kabu-kabu, amalanke, garken shanu da yara 'yan makaranta. Babu ko ɗaya cikinsu da aka nemi shawararsa kafin a ɗaura turbo. Sabon titin Sakkwato zuwa Badagry, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Oktoban 2024 kuma ya ratsa Kebbi, zai ƙara wa masu sha'awar gudu miƙaƙƙiyar hanya.

Abin da ya rage wa gwamnati

Ƙasashen da wannan sana'a ta bunƙasa, irin su Japan da Amurka, suna da filayen tsere na musamman, inda ake duba mota kafin ta shiga, a tanadi motar asibiti, a kuma killace 'yan kallo. Kebbi tana da abin farawa. Tseren motoci tsohon ɓangare ne na bikin kamun kifi na Argungu, kuma an sake gudanar da shi a Maris na 2020 tare da hukumar NADDC, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ke shugabantarta.

Tambayoyin da matasa za su iya kai wa majalisar dokokin jihar a bayyane suke: shin za a ware fili guda da za a riƙa wannan wasa bisa ƙa'ida duk shekara? Shin makarantun fasaha da ke jihar, kamar jami'ar Aliero da Kwalejin Waziri Umaru, za su horar da kanikawa kan kwamfutar mota? Kuma wace hukuma ce ke duba motar da aka sauya wa inji kafin ta hau titin Kalgo?